Idan babu lantarki, babu batir, da me za a auna tururin nukiliya?

Mai_Bincike:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. A ɗauka an yi yaƙin nukiliya, masana'antu sun tsaya, wutar lantarki ta ɗauke gaba ɗaya, batiran da suka rage sun mutu. Tururin nukiliya kuwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Shin akwai abin da mutum zai haɗa da hannunsa daga tarkacen da ke kusa, ya gane masa ko wuri na da haɗari? Ba ina nufin abin da zai yi ƙara kawai ba, ina son wanda zai ba da adadi, har a iya cewa a fita waje na minti kaza a dawo. In akwai, don Allah a faɗi kayan haɗi da inda abin yake ɓaci.

Mai_Awo:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ba sabon abu ba ne. Kafin Geiger da Müller su fito da bututunsu na ƙirga tururi a 1928, da ma'aunin caji mai ganye ko zare ake wannan aiki. Da irinsa Victor Hess ya hau balan-balan a 1912 har ya gano tururin da ke sauko mana daga sararin samaniya. Wanda aka tsara musamman domin halin da ka kwatanta shi ne ma'aunin Kearny, wanda Cresson Kearny da abokan aikinsa suka fitar a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka a 1978.

Ganye biyu ne na takardar alminiyom rataye a cikin gwangwani. In ka sa musu caji iri ɗaya sai su ture juna, su buɗe. Hasken gamma, wato nau'in tururin da ke ratsa abubuwa, idan ya ratsa gwangwanin yana farfasa ƙwayoyin iskar da ke ciki, iskar ta fara ɗauke cajin, ganyen su riƙa komawa kusa da juna. Saurin rufewarsu shi ne awonka. Babu batir, babu taransista, don haka bugun maganaɗisun da ke biyo bayan fashewar bam, wanda ke ƙona kayan lantarki, ba ya taɓa shi.

Gwangwanin ƙarfe ake so mai faɗin santimita 6.5 daga ciki da tsayin santimita 7.3. In naka ya fi haka tsayi, a yanke shi. Kowane ganye ana yin sa da takardar alminiyom ta girki, mara kauri, mai santimita 10 da 20. A ninka ta har ta zama falle 8, murabba'in santimita 5, a danne ta sosai ta kwanta, sannan a datse gefunan ta koma wajen santimita 4. A kula kada gefen ya yi tsini ko gashi-gashi, domin ta nan caji ke tserewa cikin iska. Kowane ganye a rataye shi da zare daga bakin gwangwanin, su biyun su kwanta fuska da fuska a tsakiya suna taɓa juna. Sai a ratsa wasu zaruruwa biyu ta jikin gwangwanin, ɗaya ta bayan kowane ganye, domin su tare shi kada ya buɗe har ya taɓa bango, don da ya taɓa cajin ya tafi. Murfin kuma leda ce mai garai-garai, a ɗaure ta tamau da roba, a manna ma'aunin milimita a kanta, a huda wuri ɗaya a soka waya mai rigar roba wadda za ta kai caji ga ganyen.

Abu biyu ke kashe wannan na'ura, kuma duk hanya ɗaya suke bi: zare da laima. Zaren dole ya kasance wanda caji ba ya bi, kamar siririyar igiyar fatsa ta nailan ko zaren sakace mara kakin zuma. Zaren auduga ba ya yi, yana shan danshi. Wasu zaruruwan nailan ma an shafe su da maganin hana caji tun daga masana'anta, ido ba ya gani, sai gwaji. Kuma kada yatsa ya taɓa sashen zaren da zai shiga ciki, maiƙon hannu da gishirin gumi sun isa su mai da shi hanyar caji.

Game da laima, a shimfiɗa abin shan danshi a ƙasan gwangwanin, layi ɗaya, yadda ba zai taɓa ganyen ba. Ƙwayoyin silika da ake sawa a kwalin magani suna yi. In babu, a sami allon jifsam na gini, a ɓare takardar jikinsa, a yanyanka shi ƙanana kamar santimita ɗaya, a gasa awa guda a zafin da ya haura digiri 200, ko a soya shi minti 20 a busasshen kasko kan wuta mai ƙarfi. A bar shi ya huce a cikin kwalba rufaffiya, in ba haka ba kafin ya huce ya sake shan ruwan iska. Kada a sa gishirin kalsiyam kulorayid: yana shan ruwa har ya narke, ya ci gwangwanin.

Caji kuwa na gogayya ne. A goga roba mai tauri da busasshiyar takarda, ko a fizgi salatif da sauri daga naɗinsa, a wuce da shi kusa da kan wayar. Ganyen za su buɗe. Sai a ɗaga wayar ta nisanci ganyen. Kafin ka dogara da shi, ka yi masa caji ka ajiye a wuri mai lafiya. In ya rufe fiye da milimita ɗaya cikin awa uku, yana yoyo, ka canja zare ko ka sake gasa jifsam.

Wajen karatu, ido ya tsaya santimita 30 daidai a saman murfin, kullum a nan, domin in ka matsa, tazarar da kake gani za ta canja. Ka rubuta tazarar ƙasan ganyen biyu, ka jira lokacin da ka ƙayyade, ka sake karantawa. Lokutan da aka tsara su ne daƙiƙa 15, minti 1, minti 4, minti 16, ko awa guda. A teburin lissafin da Kearny ya haɗa da na'urar, raguwar milimita 2 cikin daƙiƙa 15 tana nufin rontjin (ma'aunin yawan tururi) 6.2 a awa, cikin minti ɗaya 1.6, cikin awa guda 0.03. Ma'ana kowace milimita ɗaya kusan rontjin 0.013 ce. In tebur ya ɓace, ka ninka milimitar da 0.78 ka raba da yawan mintuna. Misali tazarar ta tashi daga 18 ta koma 12 cikin minti ɗaya: 6 sau 0.78, wajen rontjin 4.7 ke nan a awa. Iyakar ma'aunin daga rontjin 0.03 zuwa 43 a awa, kuma in an bi tsarin sau da ƙafa kuskurensa ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari.

Malamar_Fiziks:

Malam Mai_Awo ya kawo abin da ya dace. Zan ƙara jan kunne a kan wannan lissafi na 0.78, domin kada wani ya ɗauka kowane gwangwani zai ba shi. Adadin ya rataya ne a kan girman gwangwani, nauyin ganye, tsawon zare da nisan ido. Duk wanda ya canja ɗaya daga ciki, ya canja sikelin. Shi ya sa nake ganin wanda ya damu da wannan batu ya buga cikakken zanen Kearny a takarda tun yanzu, da girmansa na ainihi, ya ajiye tare da rula. Kwatance da baki ba ya maye gurbin zanen.

Amma ko na'urar da ba ta bi tsari ba tana da amfani babba, kuma ana yawan mance wannan. Tana kwatanta wuri da wuri. In ganyen sun rufe milimita 10 cikin minti 2 a bakin ƙofar maɓoya, sannan suka ɗauki minti 20 a lungun ciki, to lungun ya fi aminci sau goma, can za a kwantar da yara da masu ciki. Haka za ka gane ko ƙasar da ka ƙara a rufi ta yi aiki. Ƙasa dandaƙaƙƙiya mai kaurin santimita 9 tana rage gamman burbushi, wato ƙurar bam da ke saukowa bayan fashewa, da rabi, kankare santimita 6, ruwa santimita 18. Ƙasa santimita 90 ragi goma ke nan a jere, wato saura kashi ɗaya cikin dubu.

Sai batun minti nawa za a yi a waje. Ana ninka ƙarfin da lokaci ne kawai: rontjin 10 a awa, ka yi rabin awa, ka kwashi 5. A buɗe wa kowa shafinsa a littafi, a riƙa tarawa. Wanda jimillarsa ba ta kai 100 ba cikin 'yan kwanaki yawanci ba ya kwanciya ciwo nan take, ko da yake haɗarin ciwon daji a gaba yana ƙaruwa da kowane ƙari. Wajen 450 kuwa, kusan rabin mutane ba sa tashi in babu asibiti.

Lokaci yana taimakawa ƙwarai a farkon lamari. Duk lokacin da awoyin da suka wuce tun fashewar suka ninku sau bakwai, ƙarfin burbushin yana raguwa sau goma. In 1,000 ne a awa ta farko, a awa ta 7 zai zama 100, bayan kwana biyu 10, bayan mako biyu 1. Wannan ƙa'ida ta burbushin bam ce, bam guda, kuma in iska ko ruwan sama ba su kawo sabo ba. Ba ta aiki a kan haɗarin tashar nukiliya irin na Charnobil a 1986. In awonka ya saɓa wa ƙa'idar, bi awon.

Wani abu kuma: maɓoya cike da mutane tana jiƙewa da numfashi da gumi, har roba ta ƙi ɗaukar caji kome gogawa. Maganin shi ne bokiti mai murfin leda, a zuba abin shan danshi a ciki, a manna jakunkunan leda biyu da za a zura hannu, a yi cajin a ciki. In za a fita da na'urar, a sa ta a jakar leda, domin in ƙura ta manne a jikinta za ta riƙa auna ƙurar ne duk inda aka kai ta.

Mai_Bincike:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Malama. To ruwan sha da abinci fa? Kuma bayan shekara 20 ko 30, in ana neman inda za a zauna a yi noma, gwangwanin zai nuna?

Tsohon_Mai_Gyaran_Rediyo:

Ba zai nuna ba, ɗan'uwa, kuma dogaro da shi a nan ya fi rashinsa haɗari. Duba lissafin. Tururin da ke ko'ina a duniya tun asali, a mafi yawan wurare, bai wuce rontjin 0.00001 zuwa 0.00002 a awa ba. Kafin ya rufe ganyen da milimita ɗaya sai an yi kusan wata guda ko fiye, alhali yoyon na'urar kanta yana yin haka cikin awa uku. Gona za ta iya ninka na asali sau ɗari, ganyen ba su nuna komai ba. Ga kuma sitirontiyam-90, mai shiga ƙashi, wanda beta kawai yake fitarwa, nau'in tururin da ba ya ratsa abu sosai, ƙarfen gwangwani na tare mafi yawansa. Shi da siziyam-137 sai bayan kimanin shekara 30 rabinsu ke ƙarewa, su ne za a tarar a lokacin da kake magana.

Wannan aikin bututun Geiger ne. Ƙera shi da hannu yana da wuya, domin yana son a zuƙe iska a cika shi da gas na musamman, a rufe ruf. Amma wanda aka riga aka ƙera, musamman mai halojin a ciki, yana yin shekaru da yawa a ajiye. SBM-20 na zamanin Tarayyar Sobiyet misali ne: yana aiki a bolt 400, kuma wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, ƙaramin allon sola na fitilar lambu ko dainamon hannu ya isa.

Abin da ake bukata duk ana samu a matattun kaya. Taransista ɗaya da ƙaramar taransifoma, irin ta filashin tsohuwar kyamara, su ɗaga wutar. Dayod 1N4007 da kafasita masu jure bolt 630 ko fiye su ninka ta. Razista mai megohm 5 zuwa 10 a kan ƙafar bututun mai alamar tarawa, sannan a ɗauki bugun daga ɗaya ƙafar zuwa wani taransista da iyafis. Kowane ƙas da ka ji, ƙwaya ɗaya ce ta ratsa.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Kada a yi wa bututun soda kai tsaye, zafi na fasa hatiminsa gas ya fita, a kama shi da maƙalin fiyus. Razistar ta zauna dab da bututun, in waya ta yi tsawo a tsakaninsu tana tara caji, bugun ya yi ƙarfi, bututun ya tsufa da wuri. Mitar hannu ta yau da kullum in ka ɗora ta a kan bolt 400 ɗin za ta janye shi ƙasa ta nuna maka ƙarya, sai ka ƙara wuta ka lalata bututun. A sa mata razista mai megohm 1,000 a jere, a ninka abin da ta nuna da 101, in ita mai megohm 10 ce. In babu mita, a ɗaga wutar a hankali har ƙas-ƙas ya fara, a ci gaba kaɗan-kaɗan ana ƙirga. Akwai zangon da ƙari ba ya canja ƙirgen, nan ake tsayawa.

Mafi muni shi ne wannan: bayan kowane bugu bututun yana makancewa na ɗan ƙanƙanin lokaci, a SBM-20 wajen kashi 190 cikin miliyan na daƙiƙa. Ƙarfi in ya haura kimanin rontjin 0.15 a awa ya fi ƙarfinsa, kuma a wasu haɗe-haɗen sai ya yi tsit gaba ɗaya, daidai inda mutuwa take. Mai tafiya da Geiger in ya ji ƙara tana ƙaruwa har ta zama zuuu sannan ta ɗauke, ya juya da gudu. Don haka makonnin farko na gwangwani ne, shekarun baya na bututu.

Auna abinci kuwa sai da haƙuri da lissafi. A gina ɗan akwati da tubali ko dalma, a ƙirga minti 30 babu komai a ciki, sannan minti 30 da samfurin, kullum a mazubi ɗaya, nisa ɗaya. Ƙirgen yana hawa da sauka da kansa, gwargwadon tushen murabba'in adadin. In fanko ya ba da 600, samfuri 640, ba ka ga komai ba, sai bambancin ya kai wajen 100 za ka ce akwai. Kuma shirun bututu ba shaidar tsarki ba ne. Ƙa'idar Jafan a kan abinci tun 2012 ita ce kada ya wuce bekarel (ma'aunin tururin da abu ke fitarwa) 100 a kilo, bututu irin wannan ba ya ganin ƙanƙantar haka. Abin da zai kama shi ne mummunar gurɓata.

Don tabbatar da cewa bututun na da rai, gishirin fotasiyam kulorayid, na takin zamani ko na masu hawan jini, yana da kusan bekarel 16 a kowane giram. Cike da tafin hannu a jikin bututun zai ɗaga ƙirgen a fili.

Malamar_Fiziks:

Baba ya gama magana kan Geiger. A kan ruwa da abinci, a kwanakin farko ba sai an jira awo ba. Gamma in ya ratsa abinci ba ya mai da shi mai tururi, ƙurar da ta shiga ciki ce matsala. Abin da ke rufe a gwangwani ko kwalba, a wanke bayansa a ci. Tafasa ruwa ba ya cire komai, barin sa ya kwanta da tace shi ta cikin ƙasa mai tsabta ne ke rage ƙurar. Madarar dabbar da ta yi kiwo a fili ita ce hanyar ayodin-131, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kwana 8, bayan kwana 80 saura ɗaya cikin dubu.

Akwai na'ura ta uku da ta cancanci a adana: biron awo mai zaren kwaz, wanda Charles Lauritsen ya ƙirƙira a 1937. Ma'aunin caji ne shi ma, amma a rufe yake ruf, laima ba ta shiga. Ana leƙa shi ta fuskar haske a ga jimillar abin da mutum ya kwasa. A lura da sikelinsa: CD V-742 na hukumar kare farar hula ta Amurka yana kai wa rontjin 200, shi ne na yaƙi, wasu kuwa 0.2 ne iyakarsu, nan da nan suke cika. Akwai masu yi masa caji da ake matsawa da hannu, ba batir. In ya faɗi ƙasa zarensa na iya tsalle, a sake saita shi. Kuma in an ajiye shi gefen gwangwanin da aka haɗa ba bisa tsari ba, a wuri mai tururi, da shi za a gyara sikelin gwangwanin.

Sauran hanyoyin da ake ambata ba na ba su muhimmanci. Fim ɗin hoto da aka naɗe a baƙar takarda yana yin duhu, ta haka Becquerel ya gano tururin a 1896, amma sai an wanke shi da sinadari, labarin jiya yake bayarwa, kuma zafi da tsufa ma suna duhunta shi. Allon zinki salfayid, irin wanda Crookes ya haɗa a 1903, wani nau'in tururi da ake kira alfa yake nunawa, sai ido ya zauna cikin duhu wajen minti 20. Akwatin hazo kuwa, mai nuna sawun tururi a cikin hazo, irin wanda aka saba haɗawa yana son sanyin da ke da wuyar samu in babu lantarki.

Mai_Awo:

Baba, na yarda da kai a kan gona da abinci, amma gwangwanin bai gama aiki bayan makonnin farko ba. Mutanen da za su riƙa tonon ƙarfe a kangon asibitoci da masana'antu za su ci karo da curin kobal-60 da siziyam-137 da aka bari babu mai tsaro. A Goyaniya ta ƙasar Birazil a 1987, masu jarin bola sun fasa na'urar gashin ciwon daji da aka bari a kangon asibiti, garin siziyam mai shuɗin haske ya zaga hannu da hannu, mutum huɗu suka mutu, aka tantance wajen mutum 112,000. Kusa da curi irin wannan Geiger na iya yin tsit, ganyen kuwa za su rufe a gaban idonka.

Don haka ayarin masu tono su riƙe duka biyun. A shiga da Geiger a gaba, ɗaure a kan doguwar sanda. In ƙara ta ninka ta waje sau goma, a tsaya a ja baya. In dole sai an san ƙarfin wurin, a yi wa gwangwani caji, a tura shi da sandar, a janyo bayan minti ɗaya a karanta daga nesa. Nisa yana aiki sosai a kan curi guda: in ka ninka nisan sau biyu ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, daga mita 1 zuwa mita 10 ya ragu sau ɗari. Duk wani ƙaramin tulun ƙarfe da nauyinsa ya fi girmansa, ko mai tambarin fuka-fukai uku, kada a fasa shi, kada a kai shi inda mutane ke kwana. A yi wa wurin alamar da za ta daɗe, a rubuta abin da aka auna, da nisan da aka tsaya, da ranar.